Ɗigo Biyu a Fuskar Sarkin Yaƙi

Keken ɗinkina na sayar, da tunkiya mai ciki, da 'yan kunnen da uwata ta bar mini, na haɗa kuɗin Umara. Babanku Sani yana aji uku na firamare a lokacin, kakanku kuwa shekara biyu da rasuwa. Na kai yaran gidan Yaya Hanne a Funtuwa, na ce mata sati uku zan yi. Ta dube ni ta ce, "Asabe, wa kike yi wa ƙarya?" Na ce to, shekara uku. Sai da na yi goma sha ɗaya.

Ke Ummita, tunda ke ce ejan ya yi wa alkawarin aiki a Jidda, kife wayar nan ki ji. Sauran ku wanda ya ga dama ya zauna.

Da na gama Umara sai na sulale na bi wasu mata zuwa Ruwais, tsohuwar unguwa ce kusa da teku. Ɗaki ɗaya mu biyar, duk babu mai iƙama, wato takardar zama. In kin ji an ce mutum ba shi da iƙama, to ko tari zai yi a titi sai ya waiga. Mai gidan wata tsohuwa ce da ke kashe mana na'urar sanyaya ɗaki da rana tsaka. Mukayyif suke ce wa na'urar, ni kuwa na shekara ina cewa mai-kaifi, ana ta yi mini dariya. Ran nan na tare tsohuwar a soro.

"Ya Hajja, zafin nan zai dafa mu."

"A Najeriya da mukayyif aka haife ku?"

"A'a. Amma a can ɗaki da taga ake gina shi."

Ba ta kunna ba, amma daga ranar ta san sunana.

Lalle na fara yi wa amare gida-gida, don hannuna a tsaye yake tun ina ɗinkin hula. Ana nan sai wani dattijo, Baba Usman, ya samo mini aikin shara da wanke-wanke a gidan da yake tuƙi. Shi a Jidda aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin Hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi da rabi ce, ya ɗauko magana da Hausa ya sauke ta da Larabci. Gidan a Abhur yake, can arewa inda masu hali suka jera gidaje a bakin ruwa. Maigidan injiniya ne, Abu Khalid, mutum mai furfura a gemu, ba ruwansa da hayaniya.

A saman bene akwai wani ɗaki da aka ce mini mamnu', kada in shiga ko da tsintsiya. Na ce a raina ko zinariya ce a ciki. Ranar Juma'a bayan la'asar aka ce in kai gahawa can, abokansa sun zo. Da na tura ƙofa sai na tsaya da faranti a hannu.

Tebur ne kamar gado biyu a haɗe, an yi masa tuddai da itatuwa da kogi na ƙarya. A kai sojoji ne birjik, kowanne bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, masu mashi, masu baka, masu doki. Bango kuma duk kabad ɗin gilas ne cike da su, sahu-sahu. Ga manyan mutane shida, da likita a cikinsu, suna jefa ƙwayar lido, suna auna tebur da tef irin na tela, suna musu har jijiyar wuya ta tashi a kan ko mashin wannan ya kai ga dokin wancan.

Ku yi dariyarku, ni ma na yi a kicin. Na ce wa Baba Usman, "Waɗannan ba su yi wasan ƙasa suna yara ba ne?" Ya ce, "Uskuti ya Hajja, rufe baki. Wannan jaish ɗin, rundunar nan, ya fi son ta da motarsa."

Ashe sojojin ba haka suke zuwa ba. A kwali ake aiko su daga waje, gutsi-gutsi, manne a jikin wata roba mai kama da matsefi, hannu daban, kai daban, garkuwa daban, duk launin toka. Sai ka yanko, ka kankare da reza, ka liƙa da gam, sannan ka yi fenti. Wata safiya na kai wa Abu Khalid shayi na tarar yana fama da garkuwa ɗaya, gilashin ƙara girma a goshi, burushi na rawa a hannunsa. Layi yake so ya ja, sai ya fito kamar sawun tsutsa. Kun san bakina.

"Hannunka rawa yake."

Ya ɗago ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. "Ke za ki iya?"

"Na zana wa amarya fure a kan farce."

Ya miƙo mini burushin, ina jin don ya kunyata ni ne. Na zauna na cire gilashin nan gefe, na zana masa aska takwas irin ta gaban riga a kan garkuwar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya daɗe yana juya ta a hasken taga. Washegari aka ɗauko wata ta karɓi tsintsiya, ni kuma aka bar mini fentin sojojin.

Shekara uku ina wannan ɗakin. Babu wanda ya koya mini, sai abin da na gani da wanda na ɓata. Na gane fenti mai kauri shi ke cinye fuska, sai ka tsinka shi da ruwa kamar kokon marar lafiya, ka shafa sau biyu. Na gane in ka zuba baƙi mai ruwa-ruwa ya kwanta a lungunan sulke, ƙarfe sai ya tashi. In ka goge burushi ya kusa bushewa ka shafa a kan gashin doki, sai ka rantse iska ke kaɗa shi. Yashin da ake liƙawa a ƙarƙashin ƙafarsu ma ni nake ɗebowa a bakin teku in tankaɗe da rariya. Abokansa suka fara tambaya wa ke yi masa. Bai ɓoye ba, wannan na ba shi. Ya ce Hajja Asabe ce.

Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: ban sa wa ko ɗaya ido ba. Tun muna yara in mun yi 'yar tsana ta kara, uwata tana barin mu mu yi mata kitso da zane, amma ba ta bari a ɗiga mata ido. Takan ce wanda ya yi ido shi za a ce ya busa rai. Da wannan na tashi. Da na ga aikin nan shi ne abincin 'ya'yana, sai na zauna na shata wa kaina iyaka, na ce zan yi riga, zan yi doki, zan yi takobi, amma abin da zai kalle ni ba zan yi shi ba. Sai in bar inuwa a ƙarƙashin kwalkwali. Sojan da bai kai yatsa ba, wa zai leƙa? Shekara uku bai lura ba.

Sai ga sarkin yaƙi ya iso. Shi kaɗai a kwalinsa, ya kai tsawon tafin hannuna, a kan doki, ba kwalkwali, fuska a buɗe. Za a yi gasar fenti a wani taron masu wannan wasa, Abu Khalid yana so ya kai shi. Wata guda na yi a kansa. Alkyabbarsa ja, na yi mata zubi bakwai. Har tabo na yi masa a kumatu. Na ajiye masa a tebur na ce halas, an gama.

Ya sa gilashi ya duba. "Ina idon?"

"Babu."

"Kin manta?"

"Ban manta ba. Ba na yi."

Ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko soja ɗaya, ya ɗauko wani, ya ɗauko na uku. Ina tsaye ina kallonsa yana gano cewa rundunarsa kaf makafi ne. Ya zauna ya ce, a hankali, alƙalan gasa ido suke fara dubawa. Sannan ya gindaya mini sharaɗi. Ya ce in na yi, zai sa a mayar da ni gida ta hanya mai kyau, ya aiko mini da bizar aiki, ya zama kafilina, wato mai tsaya mini, in dawo da iƙama a jakata. In yi tafiya a titi ba waige. In je in ga yarana in dawo. In kuwa ban yi ba, to shi ba zai ci gaba da ajiye marar takarda a gidansa ba. Ya ba ni kwana uku.

Ummita, shekara takwas ke nan rabona da ganin babanki. Kada ki ɗauka ban so ba.

Baba Usman ya same ni a bayan kicin ina wanke burushi.

"Ya bint al-halal, 'yar mutanen kirki, ɗigo biyu ne. Nuƙɗa, nuƙɗa, halas."

"Na ji."

"Kin yi hanci, kin yi baki, kin yi gemu. Idon ne kaɗai haram?"

"Ban ce haram ba, Baba. Ni ba mai fatawa ba ce. Wani malamin zai ce duka aikin bai halatta ba, wani zai ce kayan wasa ne ba komai. Ni dai nan na tsaya."

"To matsa kaɗan."

"In na matsa yau don takarda, gobe don me zan matsa?"

Ya ce wallahi taurin kan Katsinawa har Jidda. Na ce kakanka da ya taka daga Katsina zuwa Makka a ƙafa, da laushin kai ya zo? Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa, don ya san abin da zan rasa.

Rana ta uku Abu Khalid ya kira ni. Ya ajiye burushi mafi siriri a gabana ya ce, "Yalla," wato maza.

Na ce, "Abu Khalid, ka riƙe ni da mutunci, ban taɓa jin zagi a gidanka ba. Hannuna na sayar maka, kuma ka ga aikinsa. Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Roba ce, ya Hajja."

"To in roba ce, kai ta haka."

Baba Usman ne ya mayar da ni Ruwais da jakata. Matan ɗakinmu kuwa sun samu abin yi. Wata ta ce ni da aka ba iƙama a faranti na shure. Wata ta ce dama aikin gumaka nake, Allah ne ya raba ni da shi. Na ce su shirya tsakaninsu tukuna, in sun tsayar da laifina ɗaya sai su zo. Na koma lalle.

Bayan sati biyu, da azahar, aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Abu Khalid a lungunmu, motarsa ba ta iya shigowa ba, farar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya buɗe hankici. Sarkin yaƙi ne. Ashe shi ya ɗauki burushi da hannun nan nasa ya sa idon. Ɗaya na kallon Makka, ɗaya na kallon teku, fari ya malalo har kan tabon da na yi. Jarumin da na yi wata guda a kansa ya koma kamar akuyar da ta ga wuƙa.

Ban yi dariya ba. Mutum ne babba, kuma ya tako.

Ya ce, "Za ki iya gyarawa?"

Na ce, "Gogewa zan iya."

A nan soro na zauna, mai gidan na leƙe. Na kankare ɓarnar, na mayar da fatar fuskar zubi-zubi, na maido da tabon, na kwantar da inuwa a ƙarƙashin gira yadda za ka ce rana ce ta sa ya runtse. Na miƙa masa. Ya duba, ya duba. Sai ya ce, "Yanzu da wurin ya yi tsaf..."

Na ce, "A'a."

Ya naɗe hankicinsa ya yi godiya ya tafi. Bai ce in dawo ba, ni ma ban roƙa ba. Ko ya kai shi gasar, ko ya ci, ban sani ba har yau. Abokansa biyu dai sun riƙa aiko mini da nasu sojojin ta hannun Baba Usman, kuma kowa ya san sharaɗina kafin ya aiko.

A haka na ƙara shekara uku ina waige a titi. Ran da ƙaddara ta zo, na fito sayen gam ne da hantsi, motar kame ta tsaya a gabana. Da abayar jikina aka sauke ni a Kano, sai burushi biyu da na soke a cikin kitso. Na tarar Sani ya yi gemu. Sai da Yaya Hanne ta ce masa, "Ga uwarka," sannan ya durƙusa.

Kin tambaya ko na yi nadama. Shekarun nan uku na ƙarshe da zan iya zuwa in ga yarana, ban gan su ba, kuma ni na zaɓa. Wannan yana nan a ƙirjina, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a dawo da ni ɗakin nan gobe, a ajiye burushin nan, amsata ɗaya ce.

Ba cewa nake ki je ki ƙi abin da na ƙi ba, wannan iyakata ce ni kaɗai. Ki nemo taki tun kina zaune a tsakar gidan nan. Can ba a ba mutum lokacin tunani. Miƙo miki abin ake yi, a ce yalla.