Ranar da Na Gaida Rigar Mai Gida a Agege

Kuɗin motar da ta kai ni Legas na wani jan ɗan akuya ne da Kawu Sale ya sayar, wanda ni da hannuna na yi damina guda ina yanko masa ciyawa. Aka zuba min su a lalita, aka ɗaura min a ƙugu ƙarƙashin zane, Kawu yana ta maimaitawa: "Ko wa ya ce ki kwance, kada ki kwance sai Hajiyar da za ki wurinta ta ce." Shekarata goma sha biyar a lissafin Inna, sha shida a na Baba. Ban taɓa wuce Gwarzo ba.

Hafsat, ke da Zainabu da sauran 'yan matan gidan nan nake rubuta wa wannan, domin in na fara da baki sai ku duƙufa kan waya kuna "to Umma, to Umma." Kuma tun ranar da kika dawo da sakamakon jarrabawa kika ce min "ni dama kaina ba ya ja," hankalina bai kwanta ba. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san inda karatuna ya tsaya.

A Kutama, garinmu, sunana biyu. Na yanka Binta, wanda kowa ya sani kuwa Sokuwa. A aji huɗu aka cire ni daga makaranta. Malam zai yi rubutu a allo ya ce a karanta, ni abin da nake gani baƙin bango ne kamar an goga masa gari. Wallahi na ɗauka kowa haka yake gani, basira ce kawai ta sa su suke cankar abin da ke jiki. In na matse ido don ya ɗan fito, sai malam ya ce, "Ni kike harara?" Sai bulala. A gida ma Goggo Asabe, yayar Baba, ta sha marina a kan hararar nan. Da na gaji sai na daina ɗaga kai gaba ɗaya. Abin mamaki, mutanen da suke dukana su ne suka koma yabona: "Sokuwa ce, amma akwai kunya." In tsintar shinkafa ce, ko kitso, ko zura wa tsofaffi zare a allura, ba wadda ta kama ƙafata. Amma a aike ni gona in kira Baba, sai in kira maƙwabcinsa.

Hajiya Gambo, ƙanwar matar Kawu, ita ta ce a ba ta ni. Tuwo take sayarwa a Agege, inda fatakenmu na goro da shanu suke sauka. Ta ce kai kwano da kwaso kwano ai ba ya buƙatar ilimi.

Legas kuwa, ni ƙara na fara sani da wari, don gani dai ba na gani. Motocinsu rawaya wai su danfo, kwandasta yana lilo a ƙofa yana ihu kamar an yi masa sata. Kowa "abegi, abegi," wato don Allah, amma yana faɗa yana bangaje ki. Gidan da muke haya wai sunansa fesmi-ai-fesyu, ɗaki yana kallon ɗaki, ki yi tari na gaba ya ce miki sannu. Mai gidan wani dattijo ne Bayarabe, alhaji, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Kowa yana ce masa Lanlo, sai da na yi wata biyu ina zaton sunan da babansa ya raɗa masa ke nan, ashe mai gida ake nufi da Turanci.

Ranar da na fara aiki Hajiya ta miƙo min kwano. "Kai wa wancan mai shuɗiyar hular."

Na duba, na ga mutane sun cakuɗe kamar an dama fura. Tambaya kuma ba na iya yi, kada a ce sokoncin ya motsa. Na nufi shuɗin da ya fi kusa na durƙusa na ajiye. Bawan Allah ya cinye tas ya sa min albarka. Can sai ga mai tuwon na gaskiya ya taso.

"Hajiya, yau azumi kika ɗora min?"

"Ke! Wa kika kai wa?"

"Mai shuɗi, Hajiya."

"Wancan riga ce shuɗiya, hularsa fara ƙal! Kanki ɗaya kuwa?"

Haka muka yi ta yi. In wuce kwanukanmu a gaban mutum ban gan su ba. In tsallaka titi danfo ta taka birki a ƙafata, direba ya zage ni da yaren da ban sani ba, Allah ya sa ban sani ba. Sai kuma Baba Lanlo ya kawo ƙara, shi mutum ne mai son gaisuwa kamar me. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Hajiya, yarinya naka ba ya gaisuwa. Sau uku yana wuce ni kamar ni turmi."

Hajiya ta ja ni ɗaki ta murɗe min kunne. "Mutumin nan in ya ga dama gobe ya watso mana kaya waje. Ko daga ina kika hango shi, ki zube ki gaishe shi. Kin ji ko?"

Washegari da safe na fito da bokiti, na hango wani abu fari, babba, tsaye a ƙarshen tsakar gida. Na ajiye bokitin na zube gwiwa biyu.

"Baba ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya iyali?"

Shiru. Na ce shi ke nan, fushi yake yi. Na ƙara sunkuyar da kai. "Baba ka yi haƙuri, don Allah ka yafe min, ba zan ƙara ba."

Sai gidan ya ɗauka da dariya, har da masu buga ƙofa. Babbar rigarsa ce aka wanke aka shanya a igiya. Shi kuwa yana zaune a benci a bayana da carbinsa, ya ɗauka shaƙiyanci nake masa a gaban 'yan haya. Zainabu, na san za ki yi dariya a nan, yi abinki. Ni ranar ban yi ba. Hajiya ta ce, "Na gaji. Ran Juma'a akwai motar goro da za ta Kano, ki haɗa tsummokaranki. Zan aika wa Sale cewa ko kai kwano ba ki iya ba."

Ku gane abin da wannan yake nufi. Wata uku kacal, in koma Kutama da saƙon nan a bayana. Sunan da ake kirana da shi ya tabbata ke nan har Legas ta sa hannu. Ni kaina na riga na yarda. Na ce Allah haka ya yi ni, wasu ya ba su kai, ni ya hana ni.

Ran Alhamis da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, matar Baba Lanlo ta miƙo min allura, na zura mata zare ban ko tsaya ba. Ashe mijinta yana kallo.

"Kai yarinya, zo nan. Duba ni."

Ni da ban taɓa kallon babba a ido ba tun ina 'yar shekara tara? Na ce, "Baba, ba kyau."

"Na ce duba ni!"

Na ɗaga kai, idon ya matse da kansa. Hajiya ta yi tsalle daga bakin murhu da muciya a hannu. "Kin gani ko! Hararsa kuma za ki yi?"

Ya ɗaga mata hannu. "Tsaya, Hajiya. Wannan ba harara. Ni ma haka ina yi lokacin ina yaro." Ya tashi ya taka har bakin ƙofar gida ya juyo. "Yatsa nawa na ɗaga?"

Na yi abin da na saba yi a aji, na canka. "Uku, Baba."

Wata mata ta ce, "Subhanallahi." Buta ce a hannunsa.

Ya dawo ya cire tabaransa, ya goge da bakin riga, ya ɗora min a hanci da kansa.

Ihu na yi. Na ce innalillahi na dafa bango. Bangon yana da tsaga, tsagar tana da tururuwa, kowace da ƙafafunta. Kwanon rufi layi-layi ne. Sama cike da wayoyi, ni da nake zaton fili ne. Can gida na uku, a saman bene, wata mata tana taje wa 'yarta kai, har matajin nake gani, kore. Mutanen da ke tsaye a tsakar gida kuwa kowa da idonsa da haƙoransa, kuma duk ni suke kallo. Jiri ya kwashe ni, don tabaran ba nawa ba ne, amma na riƙe shi da hannu biyu kada a karɓe.

Na ce, "Hajiya, ke kullum haka kike gani?"

"Haka kamar yaya?"

"Kowa da fuskarsa, tun daga nesa?"

Muciyar ta faɗi. Ta kama baki ta ce, "La'ilaha illallahu. Binta, tun yaushe?"

Na ce ban san akwai wani yaushe ba.

Na yi kuka ranar, amma ba na murna ba ne, kada in yi muku ƙarya. Haushi ne. A jikin tankin ruwa akwai rubutu da jan fenti, na tsaya daga inda nake na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sun haɗu. Wato da na iya. Da tuntuni na iya. Na tuna 'yan ajinmu da suka wuce, na tuna bulalar, na tuna yadda na taya kowa kiran kaina Sokuwa.

Motar goro ta tafi ba ni. Matar Baba Lanlo ta kai ni asibitin ido, suka yi ta sauya min gilasai suna "dis wan ko dis wan," kamar mai zaɓen atamfa. Bayan mako biyu na karɓi nawa. Shekara huɗu na yi a Agege.

Abin da ya fi ba ni tsoro bayan nan ni ce. Na wuce wani shago mai babban madubi na ga wata doguwa tana tafe a ranƙwafe kamar tsohuwa, sai da na waiga in ga ko wace ce. Da na miƙe kuma sai wata Bintar ta fito wadda ban san ta ba. Ashe ina da baki. Ashe ina son gardama. Wani bafatake ya ce miya ba gishiri bayan ya lashe kwano, na ce masa, "Alhaji, kwanon ma da gishiri ne da ka haɗa da shi." Hajiya ta ce, "Oh ni Gambo, wa ya canza min yarinya?" Har Baba Lanlo sai da muka yi da shi a kan layin famfo, ya ce da ya sani da bai ara min ido ba. Kunyar nan da ake yabona da ita, rabinta tsoro ne. Amma kada ku ce komai ido ne. Ƙiwar wanke tukunya tawa ce ta gaske, tabarau bai warkar da ita ba har yau.

Hafsat, na kai ki an duba idonki, an ce lafiya ƙalau, don haka ba ido nake nufi ba. Ban san mene ne naki ba, shi ne ma abin da yake damuna. Ko malamin ne, ko tsoro, ko ba a boko basirarki take ba. Amma maganar da kika yi a kan kanki irin tawa ce sak, har yadda kika sauke murya, kuma ni sai da na kai Legas wani baƙo ya gano ƙarya ce.

Na dawo Kutama da akwatin ƙarfe, da atamfofi, da karatun allunan shaguna da na koya wa kaina a titi. Gida ya cika. Yara suna "Sokuwa ta zama likita!" Goggo Asabe ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To 'yar Ikko, a cire mana wannan abin in ana gaida manya. Girman kai ne." Na cire, na gaishe ta, na mayar.

Inna kuwa ba ta matso ba. Ni ce 'yar farinta, kun san al'ada, ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, "kin dawo" ma a bakin ƙanwarta ta aiko. Tana can gefen rumbu tana tankaɗe. Ita ma a garin nan an san ta da rashin amsa gaisuwa daga nesa, dangin Baba suna cewa a nono na sha sokoncin.

Da la'asar mutane suka watse. Na ajiye tabaran a kan tabarma na tafi bakin randa zan yi alwala. Sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ke. Wannan abin, in mutum ya sa, ciwo yake yi?"

Na ce, "A'a, Inna."

Na ji ta karkaɗe hannu, na ji takunta zuwa tabarmar. Na ji ta ɗauki tabaran. Na juyo, amma ba tabarau, abin da nake gani kawai inuwar mace a tsaye da zane mai duhu. Ban ga fuskarta ba, har gobe ban san yadda ta yi ba. Na dai ji ta ja numfashi ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, sau biyu.

Na tako zan je wurinta.

Ta ce, "A'a. Tsaya a nan inda kike." Can ta ce, "Ɗago kanki. Ashe haka kike."

Na tsaya a tsakar gida da buta a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafata, har aka idar da sallah a masallaci ba ta ce in matso ba.