Jirgin Injiniya a Toranke

A tashar Gaya, muna jiran motar Ajingi ta cika, wani mai baƙin gilashi ya sanar da mu cewa duk gabashin Kano ba wanda ya kai shi bin ƙa'idar tuƙa diron, ɗan jirgin nan mai kyamara. Sunansa wai Injiniya Sharfaddeen.

Wani dattijo ya juyo a fusace. "Kai ne ka saki abin nan a Toranke ranar suna?"

"Ni ne, Baba."

"A kan gidajenmu? Ba ka san banɗakunanmu ba rufi ba? Tun ranar iyalina a tsorace suke wanka!"

"Baba, harkar ilimi ce. Ba a bi ta kan gidaje. Ni a filin makaranta na tsaya."

"Kai ka tsaya. Shi fa?"

"Wallahi ko katangarku bai leƙa ba!"

"To yanzu yana ina?"

"Ya ɗan ɓata ne. Shi zan je nema."

"Bai ɓata ba, mara kunya! A tsakar gidana ya faɗo, ya naɗe da zanin matata a kan igiyar shanya. Yana hannun mai unguwa. Ka taho da wayar, a gabanmu za ka goge komai."