Mangwaron da Doka Ta Kare

A bencin jira na ofishin muhalli, wani dattijo da kansa ya ɗaure ya juya ga saurayin da ke gefensa.

"Ɗana, mangwaron da na shuka da hannuna, nawa ne ko na hukuma?"

"Naka ne mana, Baba."

"Saiwarsa ta tsaga bangon ɗakina, ga damina tafe. Na ɗauko gatari, aka ce doka ta hana, wai yana cikin rajistar bishiyoyin da ba a sarewa."

"To na hukuma ne ke nan. Su gyara bangon."

"Wai bango nawa ne."

Saurayin ya sosa ƙeya. "Wane mugun ne ya sa aka yi masa rajista?"

Dattijon ya dubi takalminsa.

"Bara maƙwabcina ya so sare reshe guda. A kan bencin nan na zauna, na kawo ƙararsa."