Ƙari Goma Sha Huɗu

A wani gidan mai da ke hanyar garin Cunnamulla, tsoho Merv na zaune cikin a-kori-kurarsa, ya jona na'urar gwaji da kwamfutar injin. Wata direbar tirela da ke jiran a cika mata tanki ta leƙo, ta ga lambar da na'urar ta nuna.

"Baba, ƙari goma sha huɗu? Ai injin nan iska yake sha ta ɓarauniyar hanya, shi ya sa kwamfuta ke ƙara masa mai."

"Na sani, 'yar nan."

"Tiyo ne ya tsage. Ka canja shi, lambar ta koma sifili."

"Ga sabo can bayan kujera, shekararsa biyu a leda."

"Tabɗi! To, me kake jira?"

"Matata Glenys ce ta naɗe tsagar da baƙin salatif, a tafiyarmu ta ƙarshe."

Direbar ta sake duban lambar.

"Kullum da safe nakan duba," in ji Merv. "Bara sha ɗaya ne. Naɗin nata na saki a hankali."

"Wata rana motar nan za ta mace maka a daji, Baba, inda ba kowa."

"Gidan ma ba kowa, 'yar nan."