Wayar da Na Goya a Hanyar Paki

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, daga gefen Paki nake. Ku yi haƙuri da muryata, ta daɗe ba ta fita ba.

'Yata Rahila ciwon daji ne ya ɗauke ta. Kwanakinta na ƙarshe mun yi su ne a birni, a wani gida da ake kula da yaran da likita ya ce ba sauran magani. Sun yi mata wanka, sun kashe mata zafin ciwo, har kitso sun yi wa ɗan gashin da ya rage mata. A hannuna ta cika.

Da na dawo gida sai na shige ɗaki na ƙi fitowa. Aka yi shuka, aka yi noma, masara ta yi bunni, ni ina kwance ina kallon rufi. Abinci ya fita a raina. Mijina Bitrus ya yi lallashi har ya gaji. Gaskiya nake faɗa muku, a lokacin so nake in bi ta.

Ran nan sai wata nas daga gidan nan ta kira ni. Ta ce an shirya tattaki don a tara wa yaran taimako. Kowa zai yi nasa a inda yake, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya, waya ce za ta auna nisan, masu hali kuma su bayar da kuɗi.

Na ce, “Haba sista! Wane irin tsere ne babu mai ganin wani?”

Ta ce, “Maman Rahila, ki taka ko zuwa bakin rafi ne.”

Don kunyarta na tashi. Zanena ba aljihu. Ban san lokacin da na jawo majanyin Rahila ba, na naɗe wayar a cikin ɗankwali, na goya ta.

Da sassafe na fita, hazo kwance a kan fadama. Rake na kaɗawa a hankali, ba na ko jin ƙafata tana taɓa ƙasa. Wayar ta ɗauki ɗumi a bayana. Wayyo, ɗumin nan! Sai na ji ni ina jijjiga baya, ina 'yar waƙar da nake sa ta barci da ita. A raina kuma ina ganin mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, duk muna tafiya tare.

A bakin rafi na haɗu da wata tsohuwa, da carbinta a hannu. Ta ce, “Sannu da goyo, 'yata. Jariri da sanyin nan? Juyo in gan shi.”

Na kwance majanyin. Ta ga waya. Na jira ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, “Mace ce ko namiji?”

Na ce, “Mace.”

Ta ce, “Allah ya sa mai ceto ce.”

Na durƙusa a cikin laka na ce, “Ya Yesu, na gaji! Karɓe ta, bayanka ya fi nawa ƙarfi.” Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, tsohuwar tana riƙe da kafaɗata. Da na miƙe sai na ji ƙirjina ya buɗe. Haleluya!

Na iso gida rana ta ɗaga. Bitrus na tsaye a ƙofa, ashe ya ga ɗaki wayam, ya zagaye rijiyoyin unguwa yana leƙawa. Na ce, “Baban Rahila, akwai sauran tuwon jiya? Yunwa nake ji.” Ƙaton mutum, ya zauna a ƙasa yana kuka.

Na gode wa Ubangiji da ya fito da ni. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi. Har yanzu akwai yara kwance a gidan nan, iyayensu mata na zaune a gefen gado. Gobe da safe zan sake fita saboda su. Wanda ke da ƙafa, ya same ni a hanya. Amin.