Allurar Tarun Baba a Jakar Ɗan Ƙwallo

Awaki biyu Inna ta sayar a kasuwar Yelwa, da kuɗinsu na hau motar Ikko. Kai Haliru, daina dariya, awakin nan sun fi takalmin da kake yi mana taƙama da shi daraja. Ina ɗaure jaka sai na ga ta cusa allurar katakon da Baba yake ɗinkin taru da ita. Na ce ƙwallo zan je bugawa, ba kamun kifi ba. Ta ce, "Aje ta dai, ba tuwo taka ci ba." Kunya ta sa na tura ta can ƙarƙashin kaya.

Ikko kuwa sai wanda ya gani. Ranar farko koci ya daka tsawa wai mu yi "wamof", na tsaya ina raba ido, ashe ɗumama jiki ne, abin da muke yi kullum da jan kwalekwale ba tare da an raɗa masa suna ba. Matar da muke haya a gidanta kuma ta sa ni gaba saboda busasshen kifin da Inna take aiko mini, wai ƙaurinsa ya tara mata kyanwoyin unguwa.

"Ko kifin ya fita, ko kai ka fita!"

"Mama, ɗanɗana tukuna."

Tun daga ranar, duk wata sai ta tambaye ni lafiyar Inna.

Na ci ƙwallaye, wannan ba cika baki ba ne. An kira sunana a rediyo, 'yan acaɓa suna ɗaukata kyauta, kaina ya kumbura har na riƙa cewa mahaifina ɗan kasuwa ne. Ba na so kowa ya san ɗan masunta ne ni.

Sai ranar wani babban wasa, fili ya cika, aka tarar raga ta yage a kusurwa. Alƙalin wasa ya ce ba zai busa ba sai an gyara. Ƙartai huɗu suka duƙufa suna ɗaure ta da igiyar takalmi, wani irin mummunan ƙulli da in Baba ya gani sai ya kasa cin abinci. Na kau da kai, na sake dubawa, zuciyata ta ƙi. Na ruga na zaro allurar daga ƙasan jakata. Kafin koci ya gama masifa na rufe ramin, ido-ido daidai da sauran. Ƙwallo biyu na ci a ranar, amma sunan da ya bi ni shi ne Tela. Wallahi ya yi mini ciwo.

A kakar wasa ta shida gwiwa ta tashi aiki. Koci ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta, za su kira ni. Har yau ban kashe waya ba. Bayan 'yan watanni na ɗingisa zuwa filin, mai gadi ya ce in nuna tikiti. Ni! Na faɗi sunana, ya ce bai taɓa ji ba. Ina tsaye ina tunanin da wace fuska zan koma Yauri, ba suna ba sana'a, sai tsohon da ke kula da ciyawar filin ya hango ni.

"Tela! Allah ne ya kawo ka, ragar nan ta sake yagewa."

Na yi dariya har da hawaye. Na ɗinke ta, ya ce ko zan iya saƙa sabuwa? Biyu na saƙa musu kafin na taho gida. Da na ba Inna labari, sai kawai ta ƙara mini miya.

Yanzu daga Shanga har Wara, da wuya ku zura ƙwallo a ragar da ba hannuna ya saƙa ba. Da sana'ar nan na yi aure, da ita na mayar wa Inna awakinta, har sun hayayyafa sun dame mu.

To Haliru, jibi za ka tafi gwaji, Allah ya sa ka fi ni suna. Amma matso ka kama bakin ragar nan, sai ka iya ƙulli tukuna. Ga allura na fere maka, ka sa ta can ƙasan jaka inda abokanka ba za su gani ba.