Inna, Kada Ki Dafa Alayyahun Nan

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Don Allah ka karanta wannan kafin sauran saƙonnin.

Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a nan Kontagora, inda ake koya mana noman lambu. A lambun makaranta, duk fangalin da aka yi wa feshin maganin ƙwari, sai a kafa sanda a ɗaura jan ƙyalle. Ba mai taɓa fangalin sai malami ya cire ƙyallen.

Yau da safe mahaifiyata ta zo daga Kumbashi, na kai ta ta ga tumatirina, na bar ta na je ɗebo mata ruwa. Sai da ta hau mota wata ƙawata ta ce mini, "Na ga Inna tana tsinkar alayyahu, can wajen jan ƙyallen." A ƙauyenmu, ƙyallen nan maganin kambun baka ne kawai.

Wayar Inna ba ta shiga, amma shirin nan na rediyo ba ya wuce ta. Mutanen Kumbashi, duk mai jina ya ruga gidan Inna mai ƙuli-ƙuli.

Inna, ni ce. Ki zubar da ganyen nan, ko awaki kada ki ba. Ƙannena ne za su fara ci.